Fenti ko Banish? Jagorar Gama Ƙofofin Cikin Gida da Firam da Sikatin

Yawancin masu gini ba sa tuna maganar fenti ko banish sai kafinta ya rataya ƙofofi, mai tayil ya kwashe kayansa, aljihu kuma ya fara sanyi. Daga nan sai a yanke shawara a tsaitsaye, bisa abin da aka gani a gidan wani ko a hoton waya. Alhali ba kowane katako ne ke karɓar banish ba, kuma akwai katakon da binne shi a ƙarƙashin fenti asara ce. Kafin sha'awarka ta yi magana, katakon da ke hannunka da wurin da ƙofar za ta zauna sun riga sun yanke mafi yawan hukuncin.

A fara raba abubuwan. Fenti yana kwanciya ne a kan katako ya rufe shi ruf, ba a ganin zanensa ko launinsa. Rinin katako, wanda kafintoci ke kira kala, shiga yake cikin katakon ya sauya masa launi, ya bar zanen a fili. Sai dai rini shi kaɗai ba ya kare komai daga ruwa ko dattin hannu, dole a ɗora masa banish, wato ruwan nan da ke bushewa garai-garai kamar gilashi. Idan mutum ya ce "a yi mini banish", galibi duka biyun yake nufi. Fenti mai rufin asiri ne. Banish kuwa duk abin da kafinta ya yi, mai kyau da marar kyau, sai ya ƙara fito da shi.

Mataki na farko: gane abin da aka yi ƙofar da shi

Kankare ƙasan ƙyauren ko samansa da wuƙa, inda ido ba ya kai, ka ga ainihin abin da ke ciki. Kada ka dogara da sunan da mai sayarwa ya kira shi, domin farin katako da aka yi wa jan rini yana shiga kasuwa da sunan mahogani.

Jan katako mai nauyi, irin su maɗaci da loko da kawo da tik, shi ne ya cancanci banish, kuma kowanne da halinsa. Maɗaci yana da ƙananan ramuka a fuskarsa, idan ana son santsi irin na madubi sai an cike su, in ba haka ba banish zai riƙa nutsewa yana barin ɗigo-ɗigo. Idan kuma aka shafa masa farin fenti na ruwa kai tsaye, jan ruwan jikinsa yana tasowa ya ɓata farin. Loko, wanda 'yan katako ke kira iroko, yana fitowa daga injin yanka da launin ɗorawa, bayan 'yan watanni haske ya mayar da shi ruwan ƙasa mai duhu, saboda haka kada ka yi masa rini mai nauyi bisa launin da ka gani a ranar farko. Shi da tik suna da maiƙo a jiki, kuma maiƙon kan hana banish mai mai bushewa, ya kwana biyu yana danƙo. Maganinsa a goge fuskar da tsumma mai tina, wato ruwan sirka fenti, a bari ta sha iska kamar minti 15, sannan a shafa.

Farin katako mara nauyi, irin su obeche da malaina, ba shi da wani zane na a zo a gani, kuma yana da taushi, ko farce yana yi masa tabo. Fenti ya fi dacewa da shi. Ana iya yi masa rini ya yi kama da jan katako daga nesa, amma da zarar gefe ya ɗan gutsire sai farin ciki ya leƙo. Katakon fain da ake shigowa da shi yana shan rini ba daidai ba, nan duhu can haske, kuma idanunsa suna tsatso ƙaro ko bayan an yi fenti.

Ƙofar filawud mai rami a ciki tana da fatar katako ta gaske a sama, amma sau da yawa kaurinta bai wuce rabin milimita ba. Idan fatar kyakkyawa ce, babu ɓawo babu faci, tana karɓar banish. Sai dai da hannu ake gogarta, da sanfefa mai lamba 180, domin injin guga yana cinye ta cikin daƙiƙu ya fito da gam ɗin da ke ƙasa, wurin kuma ba zai ƙara shan rini ba.

MDF da HDF garin katako ne da aka matse da gam. Ba su da zane, rini ba ya yi musu komai sai ƙazanta. Fenti kawai. Ƙofofin kanti masu fatar roba ko leda mai hoton katako an riga an gama su daga masana'anta, ba sa shan rini, fenti ma ba ya kama su sai da firaima, wato shafin share fage kafin fenti, ta musamman mai riƙe santsi. Firam na ƙarfe kuwa, wanda gidaje da yawa a Arewa ke sakawa saboda gara, babu zaɓi a kansa: jar firaimar hana tsatsa, sannan fenti mai mai.

Bayan katako, dubi aikin kafinta. Ƙirga ramukan ƙusa, facin da aka cike, inda gam ya zubo, da inda aka haɗa falanki biyu masu launi daban. Farin gefen itace da aka bari a jikin jan katako shi ma zai fito. Idan a fuska ɗaya ka samu irin waɗannan sun fi biyar ko shida a wurin da ido ke sauka, haƙura da banish ko da katakon maɗaci ne.

Mataki na biyu: ina ƙofar take, su wa ke taɓa ta

Farin fenti yana nuna dattin hannu: manja, lalle, biron yara, duk suna taruwa kusa da mariƙi. Amma ana wanke shi da soso da ruwan sabulu, kuma yana haskaka lungu marar taga. Banish mai duhu yana ɓoye dattin hannu, sai dai ƙurar hunturu tana zama a kansa fara fat, musamman mai ƙyalli sosai, da safe a goge da yamma ta dawo. Wanda ba ya son wannan wahalar ya ɗauki rini mai matsakaicin launi da banish mai ɗan dishi-dishi.

Farin fenti mai mai yana komawa ruwan ɗorawa da shekaru, kuma abin mamaki ya fi saurin yin haka a inda babu hasken rana, kamar cikin sito ko bayan ƙofar da kullum take buɗe a jingine da bango. Hayaƙin turaren wuta da na kicin suna ƙara masa. A ɗakin uwargida da turare ba ya yankewa, ko dai a yi banish, ko fentin katako na ruwa irin na akirilik wanda ba ya sauya launi, ko kuma a zaɓi ruwan madara tun farko maimakon fari tas. A kula, fentin ruwa na bango ba shi ake nufi ba. Wannan ba ya jure guga, kuma yana kama datti a jikin ƙofa.

Ƙofar banɗaki da ta kicin sun fi kowacce shan ruwa. A nan fenti mai mai ko banish na foliyuretan ne ke jurewa. Banish na selulos, wanda masu kujeru ke fesawa, yana yin farin tabo idan ruwa ya daɗe a kansa. MDF kuwa kada ma ta kusanci banɗaki, ruwa yana kumbura ƙasanta kamar burodi, kuma ba ta komawa.

Mataki na uku: lissafa motsin katako

Wannan shi ne abin da aka fi mantawa, kuma a ƙasarmu ya fi tsanani. Katako yana shan laimar iska yana kuma fitar da ita har ƙarshen rayuwarsa. A Kano ko Sakkwato ko Damagaram laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 a tsakiyar hunturu, ta haura kashi 70 a watan Agusta. Katako yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, kuma a faɗinsa yake wannan motsin, tsawonsa kusan ba ya canjawa. Allon tsakiyar ƙofa mai faɗin santimita 30 yana iya motsa milimita 3 zuwa 5 tsakanin lokutan biyu. Ga shi kuma yawancin katakon daga dazukan Kudu ake kawo shi, wani ma da sauran ɗanyantaka.

Abin da wannan ke nufi ga zaɓinka: a ƙofar katako zalla mai alluna, fenti zai tsage a mahaɗar katakon tsaye da na kwance, siririn layi baƙi a kan fari, kowa na gani. Banish ma yana tsagewa a wurin, amma layin yana ɓacewa cikin zanen katakon. MDF da filawud ba sa wannan motsin sosai, shi ya sa fenti ya fi yin sumul a kansu ya kuma daɗe.

Idan an yi aikin da damina, allon zai tsuke da hunturu ya fito da farin layin da rini bai taɓa ba a gefensa. Hanyar kauce wa haka ita ce kafinta ya yi wa gefunan allon rini ko firaima kafin ya haɗa ƙofar. Kuma kada a manne allon da gam ko a cike gefensa da foti, wato ƙullun cike rami, an bar shi ne ya yi wasa a cikin raminsa, idan aka ɗaure shi tsagewa zai yi a tsakiya.

Kafin a shafa komai, a ajiye ƙofofin a cikin gidan mako biyu, a kwance, da 'yan sanduna a tsakaninsu don iska ta ratsa. Mai na'urar auna laima ya nemi kashi 8 zuwa 12. Wanda ba shi da ita ya auna nauyin guntun katakon a sikeli duk bayan kwana uku, idan nauyin ya daina raguwa ya bushe. Kada a ajiye su a ɗakin da filasta ba ta gama bushewa ba.

Mataki na huɗu: gwaji a kan guntu

Karɓi ragowar katakon daga hannun kafinta. Ka goge shi daidai yadda za a goge ƙofar, ka raba shi uku: banish zalla, rini shafi ɗaya da banish, rini shafi biyu da banish. Launin rini ba ya bayyana sai banish ya hau. Ka kai guntun cikin ɗakin, ka dube shi da rana kusa da tayil, ka sake dubawa da dare a hasken ƙwan da za a yi amfani da shi. Ƙwan lantarki mai farin haske yana kashe jan maɗaci, mai ruwan ɗorawa yana ƙara masa. Idan kana gaggawa, shafa wa katakon tsumma mai tina: launin da ya nuna yana jiƙe, kusan shi banish zalla zai bayar, kuma duk inda gam ya ɓuya zai fito fari.

Mataki na biyar: lissafin kaya

Ƙofar ɗaki da aka saba tana da faɗin santimita 90 da tsawon 210. Fuska biyu da gefuna sun kai murabba'in mita 4. Ƙara firam da katakon adon da ke zagaye bakin ƙofa ciki da waje, ka samu kusan 6. Lita ɗaya ta fenti mai mai ko banish tana rufe murabba'in mita 10 zuwa 12 da burushi, wato rabin lita ga kowace ƙofa a kowane shafi. Gida mai ƙofa 8 ke nan yana cin galan ɗaya mai lita 4 a kowane shafi. Ga fenti: firaima lita 5, domin ɗanyen katako ya fi sha, andakot lita 4, fentin sama shafi biyu lita 8. Ga banish: rini lita 4, banish shafi uku lita 12. Idan feshi za a yi, ƙara aƙalla kashi ɗaya cikin uku, domin iska na kwashe nata rabon. Sikatin, wato katakon da ke bin gindin bango, ba ya cin kaya, ɗaki mai mita 3.6 a kowane gefe da sikatin mai tsayin santimita 10 bai kai murabba'in mita ɗaya da rabi ba.

A kuɗin gwangwani bambancin ba shi da yawa. Inda banish ke da tsada shi ne katakon da yake buƙata da hannun da zai yi shi. Araha ba ta ado: banish a kan katako mai arha ya fi fenti muni.

Shirin da duka biyun ke buƙata

Sauke ƙyauren, cire makulli da mariƙi da hinji, ka rubuta lambar ɗaki a ramin hinji don kada su cakuɗe. Ka kwantar da shi a kan benci biyu, a inuwa, a ɗakin da aka share aka yayyafa wa ƙasansa ruwa. A kwance ruwa ba ya zuba, kuma ana kai wa ga sama da ƙasan ƙyauren.

Ƙofa fuska shida gare ta, ba biyu ba. Sama da ƙasa su ne bakin jijiyar katako, wato inda aka yanke shi a gicciye, ta nan ruwa ya fi shiga, kuma su ne masu fenti suka fi tsallakewa don ba a gani. Ruwan goge tayil yana taɓa ƙasan ƙyauren kullum, ya hau ciki, fenti ya fara ɓarewa daga ƙasa, filawud ya buɗe baki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shafi biyu a sama da ƙasa, ko da me aka zaɓa. A gwada rufe ƙofar kafin a fara: ratar milimita 3 a gefuna da sama, 8 zuwa 10 a ƙasa. Idan da hunturu aka gwada, a ɗan ƙara, domin damina na tafe. Duk ferewar da za a yi a yi ta yanzu.

Firam na katako a shafa wa bayansa maganin gara da firaima kafin a kafa shi, fuskarsa kuma a yi mata shafi ɗaya a rufe da leda, saboda ruwan siminti yana ƙona jan katako ya bar baƙin tabon da sanfefa ba ta cirewa da sauƙi. Maganin garar ya zama marar launi wanda aka rubuta ana iya fenti a kansa. Baƙin man inji da ake shafa wa katakon rufi kada ya taɓa firam, yana ratso kowane fenti kuma ba abin da ke kama shi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Guga: fara da sanfefa 80 idan akwai sawun zarto, sai 120, sai 180. Kullum a bi tsawon zanen katako. A naɗe sanfefar a guntun katako don fuskar ta yi bai ɗaya. A sa takunkumi, ƙurar loko musamman tana sa tari da ƙaiƙayi. A kakkaɓe, a goge da tsumma mai ɗan tina.

Idan fenti aka zaɓa

Idanun katako da duk inda ja ke tasowa a shafa musu shalak, wani irin banish da ake narkarwa a sifirit, shafi biyu, yana bushewa cikin rabin awa. Sannan firaimar katako a ko'ina. Ga MDF a yi amfani da firaima mai mai, domin ta ruwa tana tayar da gashinta, kuma gefen da aka yanka yana sha kamar soso: shafi biyu ko uku, ana gogewa da 220 a tsakani har ya yi santsi.

Bayan firaima ta bushe ne ake cike ramuka da foti, ba kafin ba, domin ɗanyen katako yana tsotse man fotin ya bar shi ya faɗo. A goge, a taɓa wuraren da firaima. Sai andakot, wanda shi ne ke ba da kauri da rufi. A bar shi ya kwana, a goge da 240. Sai fentin sama shafi biyu marasa kauri, da awa 16 zuwa 24 a tsakani ga mai mai, awa 4 ga na ruwa, ko abin da gwangwanin ya ce.

A ƙofa mai alluna akwai tsari: fara da adon gefen allo, sai allon, sai katakon tsaye na tsakiya, sai na kwance, a ƙare da dogayen na gefe. Kada a tsaya a tsakiyar fuska. Burushi mai inci 2 ko 3 ya isa, a tsoma sulusin gashinsa kawai, a ƙarasa kowane wuri da ja ɗaya mai sauƙi.

Wajen sirki, abin da kamfanin ya rubuta shi za a zuba, kuma kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma. Kananzir yana jinkirta bushewa ya rage ƙyalli. Fetur yana tashi da wuri ya bar sawun burushi, ga haɗarin gobara. Tinar selulos kuwa tana iya tsinke fenti mai mai ko ta tayar da shafin da ke ƙasa ya yamutse.

Idan rini da banish aka zaɓa

A nan guga ita ce aikin. Duk ƙarcen da aka yi a gicciye, rini zai shige shi ya fito baƙi. Kada kuma a wuce 180 kafin rini, santsi da yawa yana toshe katakon ya ƙi sha. Gam da ya zubo a kankare shi tas. Ramin ƙusa a cike shi da foti mai launin da ƙofar za ta koma bayan rini, ko a bari sai bayan shafin farko na banish a cike da wanda ya dace. Garin katako da farin gam da kafintoci ke kwaɓawa ba ya shan rini, yana fitowa kamar tabon ƙyanda.

Katakon da ke sha ba daidai ba, kamar fain, a fara yi masa sila, wato shafin da ke rage wa katako sha, da aka tsinka sosai, a goge sama-sama, sannan rini. A juya rinin har ƙasan gwangwani, a shafa da tsumma ko burushi a fuska ɗaya gaba ɗaya, a jira minti 5 zuwa 10, a goge ragowar da tsumma mai tsabta. Da zafin bazara a rage jiran. Gogewar nan wajibi ce. Rinin da aka bari ya kwanta a sama kamar fenti ba ya bushewa da kyau, banish kuma ba ya kama shi. Mai son ƙarin duhu ya ƙara shafi washegari. Bakin jijiya yana yin duhu fiye da ko'ina, a yi masa sila tukuna.

Bayan awa 24 sai banish. Ba a girgiza gwangwanin, juyawa ake a hankali, in ba haka ba kumfa za ta bushe a jikin ƙofar. Shafin farko a tsinka shi da kashi ɗaya cikin goma don ya shiga katakon. Ya kwana, a goge da 320 da hannu mai sauƙi, a kula da kusurwoyi kada a cinye rinin. Shafi na biyu da na uku ba sirki, da guga a tsakaninsu, ban da bayan na ƙarshe. Banish mai mai yana ƙara wa katako ɗumin launi kamar zuma, na ruwa yana barin sa yadda yake, abin da ya fi kyau a farin katako amma yakan sa maɗaci ya yi fayau.

Masu injin feshi sun fi son selulos domin yana bushewa cikin minti 20 zuwa 30, a gama ƙofa a yini ɗaya, ƙura ba ta samun lokacin zama. Da hunturu wannan babbar fa'ida ce. Da damina kuwa yakan yi hazo fari kamar madara saboda laimar da ta maƙale a ciki, don haka kada a fesa ana hadari ko da sassafe. Kuma a tambayi mai feshin abin da ya zuba a rubuta, domin ranar gyara selulos ba ya hawa kan foliyuretan ko fenti mai mai sai ya ci su.

Tsumman da ya sha rini mai mai ko man katako kada a dunƙule shi a jefa a kwali. Man yana ɗumama yayin bushewa, tarin tsumma na iya kamawa da wuta shi kaɗai. A shanya su ɗai-ɗai a waje ko a nutsa su a bokitin ruwa.

Abubuwan da ke ɓaci bayan an gama

Fenti ya yamutse kamar fatar tsoho: shafin ya yi kauri ko an yi shi a rana, sama ya bushe ciki bai bushe ba. A bari ya taurare, a kankare, a sake. Hawayen da ya zubo ya daskare: a jira kwana uku, a goge da 240, a ƙara shafi. Ƙananan ramuka kamar idon kifi: akwai maiƙo ko man goge kujera a fuskar. Ƙofa na mannewa da firam tana ɓare fenti: an rufe ta da wuri. Bushewar taɓawa daban, taurarewa daban. Fentin ruwa yana ɗaukar mako biyu zuwa huɗu kafin ya kai ƙarfinsa, mai mai kamar mako guda. A bar ƙofar a buɗe kwana biyu ko uku, a shafa ɗan kyandir a inda take haɗuwa da firam.

Wajen gyaran gaba, kowanne da nasa. Fenti idan ya gutsire ana cikewa a taɓa, kuma ana sake ƙofar gaba ɗaya a sauya launi cikin kwana biyu. Banish yana ɓoye ƙananan ƙarce, amma idan rauni ya kai ga katako, daidaita launin wurin sai gwani. Dabarar ita ce kada a bari ya kai ga ɓarewa: da zarar wajen mariƙi ya dushe, a wanke, a goge da 320, a ƙara shafi ɗaya.

Tsohuwar ƙofa da sauya ra'ayi

Hanyar ba ɗaya ba ce zuwa da dawowa. Daga banish zuwa fenti abu ne mai sauƙi: a wanke maiƙo da ruwan omo, a goge da 150 har ƙyallin ya mutu, a sa shalak ko firaima mai riƙe santsi, a ci gaba kamar sabuwa. Daga fenti zuwa banish kuwa aiki ne ja: maganin cire fenti, kankara, guga, kuma a maɗaci farin fentin yana maƙalewa a cikin ramukan nan har abada. Saboda haka mai jan katako da ke wasu-wasi ya fara da banish.

Don sanin irin tsohon fentin, goga auduga mai sifirit a kai. Idan launi ya biyo ta, na ruwa ne. Idan bai biyo ba, mai mai ne, kuma fentin ruwa ba zai zauna a kansa ba sai an goge an sa firaima.

Tsohon fenti mai mai, musamman ja da ruwan ɗorawa da kore, yana iya ƙunsar dalma. Tun abin da ya faru a Zamfara a 2010 mutane suka san illar gubar dalma ga yara. Can daga haƙar zinare ta fito, amma gubar ɗaya ce. Kada a goge tsohon fenti a bushe ko a ƙona shi da wuta a cikin gida. A fitar da ƙofar, a jiƙa sanfefar, a nisanta yara da masu juna biyu, a kwashe dattin da jiƙaƙƙen tsumma. Wajen sayen sabo a duba gwangwanin da ya ce babu dalma. Iyakar da ƙasashe da dama suka ɗauka ita ce kashi 90 cikin miliyan.

Haɗa biyun a gida ɗaya

Ba dole ne komai ya zama iri ɗaya ba, kuma haɗin da ya fi yin ma'ana a aljihu shi ne ƙyaure na jan katako da banish, firam da katakon ado da sikatin kuma na farin katako ko MDF da fenti. Kuɗin ya tafi inda ido da hannu ke sauka. Akasin haka, farin ƙyaure a cikin firam mai banish, ba ya cika yin kyau sai in tayil ko silin na da launin katakon. Abin da ya fi muni shi ne ƙoƙarin sa firam na ƙarfe ya yi kama da katako da fenti ruwan ƙasa mai ƙyalli: kusa da maɗaci na gaske ƙaryar ba ta ɓuya. A yi masa baƙi, ko toka mai duhu, ko launin bango.

Ƙofofin da ke buɗewa a falo ɗaya ko lungu ɗaya su zama iri ɗaya ta fuskar da ke kallon wurin, cikin ɗaki kuwa kowa da nasa. Idan fuska biyu launi biyu ne, gefen makulli yana bin launin ɗakin da ƙofar ke buɗewa zuwa cikinsa, gefen hinji ya bi ɗaya ɓangaren. Sikatin ya bi katakon adon ƙofa domin a ƙasa suke haɗuwa, kuma adon ya fi sikatin kauri da milimita 3 zuwa 5 don mahaɗar ta zauna daidai. Inda ake wanke tayil da ruwa mai yawa, sikatin na tayil ya fi kowane katako. Idan an nace sai na katako, a shafe bayansa da ƙasansa kafin a kafa, a ɗaga shi milimita 2 daga tayil, a toshe ratar da silikon.